Babi na Biyar: Bindigar Farauta Mai Harsashi Ɗaya

Me zai sa mutum mai hankali ya ɗauki kuɗin da za su saya masa mota ya zuba su a kan bindigar farautar da ba ta cin harsashi sai ɗaya tak? Kusan duk wanda ya fara jin labarin irin waɗannan bindigogi sai ya yi wannan tambaya, kuma yana da gaskiya. A shagunan Turai da Amurka akwai bindigogin farauta masu ɗaukar harsashi huɗu ko biyar, ga saiti ga ƙarko, kuma da yawansu kuɗinsu bai kai rabin na mai ɗaya ba. Duk da haka har gobe akwai maƙera a Ostiriya da Jamus da Amurka da ke ƙera mai ɗaya, masu so kuma suna bin layi, wani ya jira shekara guda, wani fiye da haka.

A wajenmu abin ya fi ɗaure kai, domin mun san bindiga mai harbi ɗaya, kuma ba a kan daraja muka san ta ba. Ita ce adaka, bindigar toka, wadda 'yan birni ke tsokana da harba-ka-ruga. Maharbin ƙauye yana rataye da ita ne don ita hannunsa ya kai. To, yaya aka yi abin da rashi ya ɗora wa Ɗanbaushe ya zama abin da attajiri ke nema da kuɗinsa? Za mu bi amsar daki-daki, daga yadda bindigar take, zuwa yadda masu sayenta ke zaɓe da gyarawa.

Ba adaka ba ce

Mu fara da bambance aya da tsakuwa. Adaka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda. Cikin bututunta sumul yake, don haka abin da ya fita watsuwa yake yi, idan nisa ya ɗan yi yawa kuwa sai abin da Allah ya yi.

Wadda muke magana a kai ta baya ake buɗe ta, a saka harsashi guda cikakke, wato kwanson tagulla ɗauke da albarushinsa da kansa. A cikin bututun an yanka wasu siraran layuka masu murɗewa tun daga gindi har baki. Su ne ke sa kan harsashin ya fita yana juyawa, juyawar kuma ita ke tsayar da shi a kan hanya. A hannun gwani, mai kyau daga cikinsu tana tara harsashi uku cikin da'irar da faɗinta bai wuce santimita 3 ba daga nisan mita 100.

Ƙirarta iri biyu ce ta fi shahara. Ta farko tana da wani dunƙulen ƙarfe a bayan ramin harsashi wanda ke aikin ƙofa. Idan maharbi ya tura wani hannu da ke ƙarƙashin kunama, ƙofar ta zame ƙasa, kwanson da aka harba ya fito, ya saka sabo ya mayar da hannun, ƙofar ta hau ta rufe. Wannan ita ce ƙirar Ingila da Amurka. Ta biyu karyewa take yi a tsakiya, bututun ya sunkuya, irin yadda bindiga mai baki biyu ta harbin tsuntsaye ke yi. Wannan ita ce ƙirar Jamus da Ostiriya, inda ake kiran ta Kipplauf.

Daga ina ta fito?

A shekarar 1848 wani Ba'amurke mai suna Christian Sharps ya yi rajistar ƙirar ƙofa mai sauka. Bindigoginsa sun shiga yaƙin basasar Amurka, daga baya kuma samfurin Sharps 1874 ya koma hannun masu farautar ɓaunar Amurka don fata. Cikin 'yan shekaru waɗannan garkunan da ake lissafawa da miliyoyi suka koma 'yan ɗaruruwa a daji. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa harsashi ɗaya ba shi ke sa wa mutum tausayi ba. Tausayi daga mai riƙon yake.

A 1871 sojojin Birtaniya suka karɓi Martini-Henry, ita ma mai ɗaya. Shekara guda bayan haka, a 1872, wani mutumin Sikotilan, John Farquharson, ya yi rajistar ƙirar da har yau masana ke ɗauka a matsayin sarauniyar wannan fanni. Maƙeri George Gibbs na birnin Bristol ne ya riƙa ƙera ta, kuma duk waɗanda suka fito daga shagonsa ba su kai 1,000 ba, ta ƙarshe a 1910. Shahararren maharbin nan Frederick Selous, wanda gandun dajin Selous na Tanzaniya ya ci sunansa, ya yi shekaru yana yawo da ita a kudancin Afirka. A irin wannan wahalar daji ƙotar bindiga takan tsage a wuya, wato siririn wurin da hannun dama ke kamawa, saboda haka aka riƙa liƙa wa wurin farantan ƙarfe hagu da dama. Masu tara tsofaffin bindigogi da sunan Selous suke kiran farantan nan har yanzu.

Can a Amurka kuma wani saurayi ɗan garin Ogden na jihar Utah, John Browning, ya yi rajistar tasa ƙirar a 1879. Kamfanin Winchester ya saye ta ya fitar da ita da sunan Model 1885.

Sai Jamusawa suka zo da Mauser ta 1898, mai cin harsashi biyar, mai sauƙin kuɗi, mai jure ƙura da laka. Sojoji suka koma kanta, mafarauta suka bi. Mai ɗaya ta ja baya har ana ganin zamaninta ya wuce. Ana cikin haka, a 1967, Bill Ruger na kamfanin Sturm, Ruger ya fito da Ruger No. 1, wadda ya ɗauko siffarta daga Farquharson amma ya sake mata kayan ciki yadda masana'anta za ta iya ƙera ta da yawa. Mutane da dama sun ɗauka asarar kuɗi zai yi. Ga shi fiye da shekara 50 ana sayenta, kuma ita ce ta dawo da mai ɗaya hannun matsakaicin maharbi.

Ribar barin sauran harsasan

Na farko, bindiga mai cin biyar dole a yi mata gidan ajiye harsasai, a kuma bar wa sakatarta filin da za ta ja baya ta ɗauko sabo. Mai ɗaya ba ta buƙatar ko ɗaya daga ciki, don haka tsakiyarta ta fi gajarta da kusan santimita 10. Maƙeri yana da zaɓi biyu da wannan rarar. Ko ya ba ka bindiga gajera mai sauƙin juyawa cikin sarƙaƙiya, ko ya ƙara wa bututun tsawo ba tare da bindigar ta fi sauran tsayi ba. Dogon bututu yana ba albarushi damar gama ƙonewa, harsashi ya fita da ƙarin gudu.

Na biyu, siririya ce, nauyinta yana zama tsakanin hannaye biyu, ba ya rinjaya gaba ko baya. Na uku, ƙofa mai sauka tana da ƙarfi ƙwarai, domin dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin gidan ƙarfe. Shi ya sa aka ƙera Ruger No. 1 da harsasai tun daga ɗan ƙaramin .22 Hornet na harbin dila da zomo har zuwa .458 na giwa. Na huɗu, hagu da damanta kusan ɗaya ne, bahago ba ya shan wahalar da yake sha da mai sakata. Na biyar, idan aka buɗe ta kowa yana iya leƙa bututun ya ga babu komai ciki, ba wani harsashi da ya maƙale a ɓoye.

Masu karyewa kuma suna da tasu falalar. Blaser K95, wadda ake ƙerawa a garin Isny na kudancin Jamus, nauyinta bai kai kilo biyu da rabi ba kafin a ɗora madubin saiti. Ana kwance ta gida-gida a saka cikin jakar baya, abin da ya dace da mai hawan tsaunukan Alps yana neman akuyar dutse. Tana kuma da wani maɓalli a wuya wanda sai an tura shi da babban yatsa ake ɗana ta, don haka mutum yana iya tafiya da harsashi a ciki alhali kunamar ba ta ɗane ba.

Amma idan ka tambayi masu riƙe ta, ba waɗannan za su fara lissafa maka ba. Za su ce ita ce ke koya wa mutum haƙuri. Wanda ya san yana da huɗu a ajiye yakan saki na farko da garaje, a zuwan na biyu zai gyara. Wanda ya san ɗaya gare shi sai ya ƙara rarrafe, ya duba inda iska ke kaɗawa, ya jira dabbar ta juyo da kafaɗa, in bai gamsu ba ya sauke ya haƙura. Tsohon maharbinmu mai adaka ya san wannan darasi tun kafin Bature ya rubuta shi. Sakamakon kuwa shi ne dabba ta faɗi nan take, ba ta shiga daji da rauni tana wahala ba, abin da addini da al'adar farauta duka suka ƙi.

Abin da ake rasawa

Ba a samun riba babu asara. Wanda ya saba yana iya sake ɗurawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, musamman idan ya ɗaura harsasai biyu a wuyan hannu ko a gefen ƙota. Amma 'yan daƙiƙoƙin nan suna da yawa idan ɓauna mai rauni ta juyo. Shi ya sa ƙwararrun jagororin farauta a Tanzaniya da Zimbabuwe da Namibiya suke riƙe mai baki biyu ko mai sakata. Baƙon da ya je farautar ɓauna da mai ɗaya, a gaskiya ya dogara ne da bindigar jagoran da ke tsaye a bayansa.

Rashin nauyi ma yana da nasa haraji. Duk yadda bindiga ta yi sakayau, haka dukan da take yi wa kafaɗa ke ƙaruwa. Babban harsashi a cikin bindiga mara nauyi yana koya wa mutum runtse ido da zabura kafin ya ja kunama, wanda ya koyi wannan kuwa ya yi sallama da saiti.

Doka kafin kuɗi

Babu ƙasar da ake shiga shago a fito da irin wannan bindiga yadda ake sayen fartanya. A Birtaniya sai mutum ya sami takardar izini daga 'yan sanda, ya kawo dalilin da zai gamsar da su a kan kowace bindiga, ya kuma nuna akwatin ƙarfe mai kulle inda zai ajiye ta. A Jamus sai ya ci jarrabawar farauta, wadda ta haɗa da sanin dabbobi da dokoki da lafiyar nama da gwajin harbi, kuma mutane suna faɗuwa.

A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta lissafa bindigogin soja masu bakin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303. Akwai na mallakar mutum, irin su bindigar farauta, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi. Sai masu ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sandan jiha. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da cewa ta dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai saboda halin tsaro. Ban da haka, lasisin bindiga daban, izinin farauta daban, kuma gandun daji irin Yankari ba wurin harbi ba ne. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, ya karanta sauran babin nan don ilimi kawai.

Wace dabba kake nema?

Maƙerin kirki ba ya fara tambayarka launin katakon da kake so. Tambayarsa ta farko ita ce: me za ka harba, a wane irin wuri, daga wane nisa? Amsar ce ke zaɓen harsashi, harsashi kuma shi ke zaɓen nauyin bindiga da tsawon bututu.

Ga dabbobi masu girman barewa zuwa mariya, tsohon harsashin nan 7x57 na Mauser, wanda ya fito tun 1892, har yau ba a raina shi ba. Dukansa a kafaɗa kaɗan ne, kansa kuma yana shiga da nisa. Amurkawa sun fi son .270 Winchester na 1925 da .30-06 na 1906, waɗanda ke iya ɗaukar dabba mai girman gwanki. Ga manyan dabbobi masu haɗari akwai .375 na kamfanin Holland & Holland da ke Landan, wanda ya fito a 1912, kuma ƙasashen Afirka da dama sun sa shi ya zama mafi ƙanƙantar abin da aka yarda a tunkari ɓauna ko giwa da shi.

Akwai wani ƙaramin abu da sabon shiga kan manta. Wasu kwansaye suna da leɓe a gindi wanda ya ɗan fito waje, wasu ba su da shi. Bindiga mai karyewa ta fi jin daɗin mai leɓe, domin ƙugiyar da ke zaro kwanso tana samun abin kamawa sosai. Jamusawa suna sa harafin R a ƙarshen sunan irin waɗannan, kamar 7x57R da 7x65R da 9.3x74R. Sannan a yi la'akari da samuwa: bindigar da ba a samun harsashinta a inda kake, ado ce ta bango.

Hanyoyi uku na mallaka

Hanya ta farko, mutum ya sayi ta masana'anta yadda take. Ruger No. 1 ta zo da samfura daban-daban: 1-A mara nauyi mai bututun inci 22, 1-B mai inci 26, 1-H mai kauri ta manyan harsasai, da RSI wadda katakonta ya kai har baki. A Jamus akwai Merkel na garin Suhl da Krieghoff na Ulm da Blaser. Mai sha'awar tsohon yayi kuma, a garin Big Timber na jihar Montana akwai Shiloh da ke sake ƙera Sharps 1874.

Hanya ta biyu, ya sayi ta masana'anta ya kai wa maƙeri ya sake mata ƙota, ya gyara kunama, wani lokaci ya sauya bututu. Yawancin masu matsakaicin ƙarfi nan suke bi, kuma sau da yawa nan ne kuɗi ya fi yin aiki.

Hanya ta uku ita ce oda tun daga tushe. Garin Ferlach da ke kudancin Ostiriya, kusa da iyakar Sulobeniya, yana wannan sana'a tun ƙarni na 16, kuma akwai makarantar koyon ƙirar bindiga a cikinsa. A can bindiga ɗaya takan ratsa hannun mutane da yawa: mai ƙarfe daban, mai sassaƙar ƙota daban, mai zane daban. Hartmann & Weiss na Hambug suna ƙera masu ƙofa mai sauka a kan ƙirar maƙeri Martin Hagn. A wannan mataki ana maganar dubban Yuro gomomi, da jiran da ya wuce shekara.

Awo: inda bambanci yake

Wanda ya taɓa sa rigar kanti sannan ya sa wadda tela ya auna shi ya ɗinka, ya san abin da ake nufi. Ta kanti an yanka ta ne don kowa, saboda haka ba ta zauna wa kowa daidai. Ƙotar masana'anta haka take, an sassaƙa ta don wani mutum matsakaici wanda ba kai ba ne.

Abu uku ake aunawa. Na farko, tsawo daga kunama zuwa ƙarshen ƙota inda ke zama a kafaɗa. Masana'antun Amurka sukan bar shi wajen inci 13 da rabi, kimanin santimita 34. Dogon mutum zai takure a kai, gajere kuma zai riƙa miƙa wuya. Na biyu, yadda saman ƙotar ya sauka ƙasa da layin bututu, domin nan kunci ke kwanciya, kuma shi ke kai ido daidai da madubi. Na uku, 'yar karkatar da ake yi wa ƙota zuwa dama ko hagu saboda faɗin ƙirji da fuska. Manyan shagunan Landan suna da wata bindigar gwaji mai gaɓoɓi a ƙota, ana murɗa su ana ƙarawa ana ragewa, mai saye yana ɗagawa yana harbi, har a sami awonsa a rubuta.

Ga gwajin da kowa zai iya yi da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta. Ka zaɓi wani abu a nesa ka dube shi, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar zuwa kafaɗa yadda ka saba, sannan ka buɗe. Idan ka tarar idonka yana tsakiyar madubi kuma abin yana kusa da saiti, ƙotar taka ce. Idan sai ka ɗaga kai ko ka danna kunci ko ka matsa gaba, to kai ne kake bin bindigar. A daji, lokacin da za ka ɓata kana neman madubi shi ne lokacin da barewa ke buƙata ta ɓace. A sa irin tufafin da za a fita farauta da su ranar awo, domin rigar sanyi mai kauri tana sauya lissafi.

Kunama da bututu

Bayan awo, kunama ce ta fi cancantar kuɗinka. Mai kyau ba ta jan ƙafa: kana matsawa a hankali, sai kawai ta saki, ba tare da ka ji tana gogawa ba. Yawancin mafarauta suna son ta saki a nauyin kilo 1 zuwa 1 da rabi. Wadda ta fi haka tauri tana janye bakin bindiga daga saiti, wadda ta fi haka laushi kuma haɗari ce ga yatsan da sanyi ko fargaba ya kama. Gyaran kunama aikin ƙwararren maƙeri ne, ba abin da mutum zai taɓa da kansa a gida ba.

Wajen gwada bututu, kada a ruɗe ka da takardar da aka harba sau goma a jere. Mai ɗaya ana auna ta ne da harbin farko, daga bututu mai sanyi, domin shi za ka yi a daji. Ka harba ɗaya yau, ka bar takardar, gobe ka dawo ka ƙara ɗaya, jibi ma haka. Idan ramukan suka taru wuri guda, ka sami abokiyar tafiya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan suna yawo sama da ƙasa, sau da yawa laifin na katakon gaba ne da ke danna bututu ba daidai ba, kuma maƙera sun san yadda ake zaunar da shi.

Katako

Kusan duk ƙota mai daraja daga icen walnot ake yin ta. Wanda aka fi yabo shi ne na Turkiyya da tsaunukan Kokeshiya da Faransa, sai baƙin walnot na Amurka. Ba a sare ice yau a sassaƙa gobe. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a toshe bakunan da kakin zuma ko fenti don kada ya tsage, a jingine a inuwa yana bushewa shekara da shekaru. Wanda aka gaggauta, bayan an gama aiki zai motsa ya ɓata saiti.

Mai saye idonsa yakan tafi kan baƙaƙen layukan nan masu kama da hayaƙi da ke kwance cikin jan katako, kuma su ke tsada. Mai sassaƙa shi kuma wuya yake fara dubawa. A wannan siririn wuri dole jijiyar icen ta tafi a miƙe, ta bi tsawon bindigar, domin duk dukan harbi ta nan yake ratsawa. Katakon da jijiyarsa ta gitta a wuya, komai kyansa, ranar tsagewarsa na nan tafe. Ado ya tsaya can baya inda ƙotar ke da faɗi.

Daga nan sai a yi wa wuraren riƙo ƙananan zane masu gilma juna don kada hannu ya zame, layi 20 zuwa 26 a kowane inci, da hannu, layi bayan layi. A ƙarshe a shafa mai, a murza da tafin hannu, a bari ya sha, a sake, makonni ana yi. Amfanin mai a kan fenti mai ƙyalli shi ne idan ƙaya ta karce shi ana iya gyara wurin kaɗai. Wanda zai kai irin wannan ƙota ƙasa mai zafi ya sani cewa katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, don haka a riƙa duba ƙusoshi da saiti duk sauyin yanayi.

Ado a ƙarshe

Zanen ƙarfe shi ne abin da ya fi jan ido, shi ne kuma ya fi cin kuɗi. Ingilishi suna son ƙananan furanni da reshe masu laushi. Jamusawa da mutanen Ostiriya suna son zane mai zurfi na ganyen ice da namun daji. Italiyawan yankin Brescia sun ƙware a wani salo na ɗigo-ɗigo wanda ke fitowa tamkar hoto. Wanda ba ya son hoton mai rai a kan kayansa yana iya tsayawa kan furanni da reshe, kuma babu maƙerin da zai ga baƙonsa. Akwai kuma launin shuɗi da ruwan ƙasa da toka da ake gani a jikin ƙarfe, wanda ake samu ta hanyar gasa shi cikin gawayin ƙashi sannan a tsoma a ruwa.

Duk wannan ba ya matsar da harsashi ko da faɗin gashi. Wanda kuɗinsa ba su isa komai ba, ya bar zane ya biya awo da kunama. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Idan tsohuwa ce

Da yawa daga cikin mafi kyawun masu ɗaya na hannu ne, sun girmi masu sayensu. A nan abin dubawa na farko shi ne hatimin gwaji. A Birtaniya haramun ne a sayar da bindigar da ba ta ratsa gidan gwajin da doka ta amince da shi ba, irin na Landan ko na Bamingham, na biyun yana aiki tun 1813. Ana harba ta da harsashi mai ƙarfi fiye da na yau da kullum, in ta jure a buga mata hatimi. Jamus da Ostiriya da Italiya da Beljiyam duk suna da irin wannan tsari. Hatimin yana faɗa maka ko an gwada ta da tsohon baƙin albarushi ne ko da na zamani mara hayaƙi. Saka na zamani a bindigar da aka yi don tsohon yana iya fasa ta a fuskar mai harbi.

Bayan hatimi, a haska cikin bututu a ga ko tsatsa ta ci layukan, a duba wuyan ƙota ko akwai tsaga, a rufe a girgiza a ji ko akwai sako-sako, a kuma sa maƙeri ya auna ramin harsashi, domin wani mai ita na baya yana iya faɗaɗa shi bai sauya rubutun da ke jiki ba.

To, ta cancanci kuɗinta?

Ga wanda ke son tara nama da yawa cikin gaggawa, ko mai tunkarar dabba mai haɗari shi kaɗai, amsar a'a ce, mai sakata ta fi masa. Ga wanda ya yarda cewa farauta harbin farko ce, kuma yake son kowane kwabo nasa ya tafi wajen gyara wannan harbi, amsar e ce, muddin ya bi tsari: doka, sannan dabba da harsashi, sannan awo, sannan kunama da bututu, sannan katako, ado a ƙarshe. Wanda ya juya jerin nan ya fara daga ado, zai mallaki abin nuna wa baƙi ne kawai.

Sai dai ko bindigar Ferlach ba ta harba kanta. A babi na gaba za mu duba madubin saiti: yadda ake zaɓensa, yadda ake ɗaura shi, da yadda maharbi ke daidaita shi har ya san inda harsashinsa zai sauka a mita 100 da mita 200 kafin ya sa ƙafa a daji.